Inuwar Aro

Dalbejiyar da ke ƙofar gidan marigayi Alhaji Isma'ila mai masauki ba ta yi wa kowa laifi ba. Shekara da shekaru tana tsaye a Zongon Lome, fataken albasa daga Nijar suna sauke gajiya a gindinta, dattawan unguwa suna majalisa tun hantsi har la'asar. Uwargidan, Hajiya Asibi, tana da nata gefen ta bayan zaure inda reshe ya leƙo cikin gida, nan take jan carbi tana kwasar hirar maza ba su sani ba. Laifin bishiyar ɗaya ne, ta tare wa gilashi fuska. Domin ɗan gidan, Alhaji Idi, ya je Dubai sarin wayoyi ya dawo da ƙyalli a ido. Ko shekara ba a yi da rasuwar uban ba ya sa aka sare ta, aka rushe zauren, aka tayar da bene hawa uku, gilashi tun daga ƙasa har sama, ya fuskanci yamma sosai kamar mai neman rana da faɗa.

Gilashin kuma ba mai buɗewa ba ne. Alhaji Idi ya ce taga mai buɗewa ta talaka ce, mai jiran iskar Allah kyauta. Shi a gidansa sayen iska za a yi. Kowane ɗaki an maƙala masa na'urar sanyaya ɗaki, wadda mutanen Lome ke kira kilim, sababbi fil da ledarsu. Abin da ya rage kawai babbar mitar wuta da za ta iya ɗaukarsu, don wadda ke gidan ta zamanin ubansa ce, in ka kunna kilim ɗaya da firiji sai ta yi tari ta ɗauke.

A nan doka ta riske shi. An fito da sabon tsari cewa duk babban gini na haya ko na kasuwanci, kafin a ba shi babbar mita, sai an zo an duba cewa ba zai sha wuta kamar raƙumi a bakin rijiya ba. Bangon da rana ke duka ya kasance da inuwa, iska ta samu hanyar shiga da fita, da sauran sharuɗɗa cikin wani littafi mai kauri da Faransanci, wanda rabinsa, in ka karanta, za ka rantse don ƙasar da ake ƙanƙara aka rubuta shi. Alhaji Idi ya je ofishin ya tarar da masu koya wa jama'a tsimin wuta suna zaune cikin rigunan sanyi, kilim na busa musu har takardu na tashi. Wannan ya ba shi haushi, kuma gaskiya yana da hujja. Sai dai hujja ba ta sanyaya ɗaki.

Kafin a ce haka, gidan ya zama tanda. Mai sayar da man shafawa da ta kama shago a ƙasa ta wayi gari hajarta ta narke tana bin kanta, ta kwashe ta tafi. Tela ya ce shi ɗinki ya zo yi, ba gashi ba. Fatake suka koma wani masaukin. Majalisa ta tsallaka titi ta raɓe a ƙarƙashin kwanon wani bakanike, cikin warin baƙin mai, suka ce ya fi musu. Da rana ta karkata kuwa, gilashin kan maido ta kan titi, masu zemijan, wato 'yan acaɓar garin, su wuce ido a runtse suna zagin mai gidan da Mina, yaren garin, da Hausa da Faransanci. Matarsa Balkissa takan fita rumfarta ta atamfa a kasuwar Hédzranawoé tun da sassafe, ba ta dawowa sai magariba, kuma kowa ya san ba ciniki ne ya yi yawa ba.

Mutum ɗaya ya rage masa daga mutanen ubansa, ita ce mahaifiyarsa Hajiya Asibi. Ya ajiye ta a hawa na uku, a ɗakin da ya fi kowanne tsada, ya ce daga nan in gari ya yi haske har teku ana hangowa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, tun da aka hau da ita ba ta sauko ba. Wuni take da jiƙaƙƙen zane a kafaɗa da mafici a hannu.

Wata rana ya shiga gaishe ta, ta ajiye maficin. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai, zauna."

Ya zauna, gumi na bin bayansa.

"Ni ban ce ka kai ni teku ba. In azumi ya kama ina cikin wannan kwalbar, gidan Safina zan koma."

"Haba Inna! Gidan suruki? Ina raye?"

"Gidan surukin da mangwaro a tsakar gida."

Safina ƙanwarsa ce, tana aure a Adidogomé. A Zongo kuwa, ɗa namiji mai bene hawa uku a ce uwarsa ta tattara ta koma ci a gidan mijin 'yarta, wannan ba abin da za a manta ba ne, har jikokinsa sai an yi musu gori. Alhaji Idi ya ji tsoro na gaske, kuma ban da tsoron bakin mutane, yana son uwarsa, a irin son da ya iya. Ya rantse mata kafin a ga wata sai ta nemi bargo a ɗakin nan.

Mai hankali da ya kira magini a fasa gilashi a sa tagogi, a yi baranda. Amma fasa gilashin nan daidai yake da tsayawa a tsakiyar Zongo ya ce na yi wauta, shi kuwa Alhaji Idi gara ya dahu. Sai ya tuna shi ɗan Zongo ne, inda ba a rasa komai sai dai a rasa wanda za a ara a wurinsa. Tukunyar biki ta aro ce, kujeru na aro, wani ango ma babbar rigarsa ta aro ce. To, inuwa fa, ita wace ce da ba za a are ta ba?

Ya tafi wurin Salamatou mai hayar rumfuna, wadda ba a aure ba a suna ba a makoki a unguwar sai da ƙarafunanta da tamfal ɗinta.

"Rumfa nake so, manya, waɗanda za su rufe gaban gidan kaf. Gobe da asuba."

"Masha Allah! Aure ko suna, Alhaji? Ban ga goro ba."

"Ba ko ɗaya. Ki dai kafa, ki ja bakinki ki tsuke. Ma'aikatanki ma kada wanda ya ce uffan."

Salamatou ta dube shi, ta ɗaga kafaɗa. "Yo, ba matsala. Amma da la'asar zan kwashe, akwai suna a Adidogomé jibi, gobe za a kafa."

Ya ce kafin la'asar ma ya gama. Ya bi ta bakin titi wajen mai sayar da furanni ya ari bishiyoyi shida a cikin rabin duro, kowace ba ta wuce ƙugunsa ba, wai su ne lambu. Ya kwanta yana yi wa kansa kirari.

Washegari bayan sallar asuba aka kafa rumfunan, aka jera kujeru ma, don ma'aikatan Salamatou ba su san rumfa ba kujera ba. Balkissa ta riga ta fita. Alhaji Idi ya sa fararen kaya, ya naɗe babbar takardar zanen ginin ya saƙale a hammata, ya kulle ƙofar gilashin, ya shiga mota fuska a murtuke don kada wani ya tsayar da shi da tambaya. Shi da kansa zai je ya ɗauko jami'ar da za ta duba, don ya san in ya bar ta da motar ofis sai bayan Sallah. Da ya isa ya kashe wayarsa, saboda an rubuta haka a bango, kuma yau ranar bin doka ce.

Abin da ya manta, shi da aka haifa a unguwar, ko yaron goye ya san shi. A Zongo rumfa ba ta tashi haka kawai. In aure ne ko suna, goro ke riga ta fita, gida gida. Rumfar da aka wayi gari aka gani babu goro, babu sanarwa, magana ɗaya take yi. Wata mai koko ta tambayi masu ɗaure tamfal, suka sunkuyar da kai suka ce Alhaji ya ce kada su yi magana. Wani ya ce ya ga Alhaji ya fita da sassafe, rai a ɓace, da farin abu naɗe a hammata. Wata ta ce dama yaushe rabon da a ga Hajiya Asibi? Aka kira wayarsa, a kashe. Aka taɓa ƙofa, a kulle. Shi ke nan, magana ta haɗu ba wanda ya ƙirƙire ta. Kafin hantsi ya dubi ludayi an ɗauko makara daga masallaci, matasa sun tafi maƙabarta da diga da shebur.

Shi kuwa yana can yana zaman jira a kan benci har rana ta take tsaka, sannan jami'ar, Madam Akossiwa, ta fito. Mace ce mai jiki, ba ta da fara'a ba ta da mugunta, da jaka a kafaɗa da tabarau a goshi. A hanya ya yi ta ba ta labarin yadda shi tun asali mai ƙaunar inuwa ne, ya gada daga ubansa. Ita dai tana kallon titi.

Da suka karyo kwanar layin sai ya taka birki. Mota ba ta iya wucewa. Mutane ne maƙil a ƙarƙashin rumfunan, maza a gaba, mata ta gefen lungu, takalma jibge. Ga majalisar ubansa cif, kowa a inda ya saba zama lokacin da bishiyar ke nan. Ga Seydou shugaban fataken albasa da jama'arsa, waɗanda suka daina ko gaishe shi. Na ɗan lokaci zuciyarsa ta yi fari, ya ce a ransa, ashe za su dawo. Sai idonsa ya faɗa kan makara jingine da gilashinsa.

Malam Muslim, aminin ubansa, ya taso da sandarsa ya kama hannunsa biyu.

"Idi, sai haƙuri. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Kawo likkafanin a ba mata, rana na yi."

Ya miƙa hannu zai karɓi takardar zanen ginin.

Alhaji Idi bai ce wace Hajiya ba. Bai ce wa ya faɗa muku ba. Bai tuna cewa shi ya kulle ƙofar, mabuɗin na aljihunsa, ba wanda ya shiga balle ya gani. Abin da ya faɗo masa kawai shi ne ɗakin nan da tsakar rana, da jiƙaƙƙen zane, da numfashinta da ya ji jiya yana fita da ƙyar. Ya saki takardar, ya buɗe ƙofa, ya haye bene da gudu yana kiran Inna, Inna, babbar riga na harɗe shi, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Yana tura ƙofar ɗakin zafi ya mare shi. Gado ba kowa. Mafici a ƙasa. Ya durƙusa ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne ubansa.

Sai ya ji ihu daga ƙasa, da salati, da ƙarar kujerun roba suna faɗuwa. Ya rarrafa ya manna fuska a gilashi. Mata ne ke watsewa daga bakin lungu, wata ta bar ɗankwali, wata ta bar takalmi. A tsakiyarsu ga Hajiya Asibi, da sanda, da ƙullin kaya a hannu. Ashe tun da ta ji hayaniya ta leƙo ta ga inuwa a ƙofar gida, ta kama matakalar baya tana saukowa da zaune, taki ɗaya ta huta, taki ɗaya ta huta, yayin da shi ke hawa ta gaba.

Ko da ya sauko har an gane ba fatalwa ba ce. Ta samu kujera a tsakiyar masu makokinta, ta miƙe ƙafa, iskar teku na kaɗa mata mayafi. Wasu na dariya, wasu na kuka, wasu na yin duka biyun. Malam Muslim yana ta "La haula" yana tambayar wa ya fara faɗa, kowa na nuna na kusa da shi.

"Ku bar neman mai laifi," in ji Hajiya Asibi. "Ku zauna abinku. Ni tun da aka sare bishiyar maigidana ban sha inuwa ba sai yau da na mutu. Seydou, kai ne? Ashe kana gari. Wa ya kawo fura? A miƙo mini, ai tawa ce."

Aka kwashe da dariya, irin wadda ke da ƙaya a ciki, kuma duk ƙayar wuri ɗaya ta nufa. Alhaji Idi ya tsaya ba hula, ido jajir, ya rasa inda zai sa kansa. Aka tura mai zemijan ya je ya tsayar da masu haƙa.

Madam Akossiwa, wadda tun farko ta cire tabarau ta yi wa mata gaisuwar mutuwa da Mina, yanzu ta mayar da tabaranta. Ta je ta durƙusa ta gaida tsohuwar, sannan ta juyo.

"Mesiye Idi, tunda ba a yi rasuwa ba, sai mu yi aiki. Wannan inuwar ta ginin ce? Dindindin?"

Da su biyu ne, da ya rantse mata har da Alƙur'ani a nesa. Amma ga Malam Muslim a gefe, ga Seydou, ga rabin Zongo, kowa ya taɓa cin shinkafa a ƙarƙashin tamfal ɗin nan. Ya buɗe baki ya ce, "To, wato, Madam, kusan..."

Ta kama ƙarfe ɗaya ta girgiza, rumfar duka ta yi rawa. Ta ɗaga kai ta dubi wani faci shuɗi a kusurwa.

"Na san wannan apatam ɗin," ta ce, haka suke kiran rumfar taro. "A ƙarƙashinsa na zauna ranar makokin kawuna a Bè. Ta wancan facin ruwa ya zubo mini."

Kamar jira ake, sai ga hon. Motar Salamatou ce ta kutso, ita a tsaye a baya tana tafa hannu. "Alhamdu lillahi da Hajiya na raye! To jama'a, a tashi a ba ni kujeruna, la'asar ta yi. Alhaji, ai mun yi da kai."

Madam ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ta ce in inuwar ta zama ta gidan, baranda ce, tagogi ne, bishiya ce, ya zo ya same ta. Ta dubi bishiyoyin cikin duro, ta dubi faffaɗan kututturen da ke gefen ƙofa, wanda aka rasa yadda za a tumɓuke aka shafe shi da fenti. Ta tare zemijan ta hau. Dama an ce zanen aro ba ya rufe katara.

Aka fara kwance igiyoyi. Duk tamfal ɗin da aka yaye, rana ta faɗo wurin, mutanen wurin su miƙe. Dattawan majalisa suka naɗe buzayensu suka tsallaka wajen bakanike. Seydou ya ce Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya ja mutanensa. Mai furanni ma ya turo kura aka kwashe masa lambunsa.

Hajiya Asibi ta zauna har aka zo kan rumfar ƙarshe. Sannan ta kira Salamatou.

"'Yar nan, ina kika ce za ki kai su?"

"Adidogomé, Hajiya."

"To, hanyarmu ɗaya. Akwai wuri a gaba?"

Alhaji Idi ya zube a gabanta a kan siminti mai zafi. "Inna, don Allah. Azumi fa kika ce. Azumi bai zo ba. Gobe zan kira magini, wallahi gobe. Bishiya ma zan dasa."

"Dasa mana. Waccan ma, shekarar da aka haife ka mahaifinka ya dasa ta, ka ga ai ba ta daɗe ba."

"Inna, me mutane za su ce?"

Ta dube shi, ba da fushi ba. Ta miƙa hannu ta share masa ƙurar da ke goshinsa da gefen mayafinta, yadda take yi masa yana yaro.

"Na ji kukanka daga lungu, na kuma ji daɗi, Allah ya yi maka albarka. Amma an ce mini da aka yi maka ta'aziyya ba ka tambayi komai ba. Da safe ka bar ni lafiya lau, ba ciwon kai ba zazzaɓi, aka ce maka na mutu, ka yarda nan take." Ta dafa sandarta ta miƙe. "Ashe kai ma ka san ɗakin da ka ajiye ni."

Mutum biyu suka tallafa mata ta hau gaban motar, aka ɗora ƙullin kayanta a cinyarta. Ƙullin a ɗaure yake tsaf, ba irin ɗaurin gaggawa ba. Motar ta tashi, ƙarafunan rumfa na kaɗawa a baya, ta karya kwana.

Rana ta sauko daidai fuskar gilashin ta watso kan titi. Wani mai zemijan ya wuce ido a runtse ya aiko da zagin da aka saba. Alhaji Idi ya tsinci takardar zanen gininsa da aka tattake, ya duba hagu da dama bai ga wurin zama ba, ya je ya zauna a kan kututturen. Bai daɗe ba ya miƙe, don shi ma ya ɗauki zafi.